Ranar da Isuhu Ya Daina Amsawa

Salama a gare ku, ƴan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Wanda ya san ni ya san ni. Wanda bai san ni ba, ni ne Nomau mai haƙar rijiya, tsohon nan da ke zama kusa da ƙofa don ya riga kowa fita in an tashi sujada.

Bari in fara da gaskiya: ni wawa ne. Ba wautar ƙuruciya ba, wadda ake cewa in an girma za a bari. Tawa wautar sai da ta jira furfura ta fito sannan ta nuna. Karatuna bai wuce ɗan abin da mai bishara ya yi ta fama ya cusa mana ba, rubutuna kuwa kamar kaji sun yi dambe bisa rairayi, sai ku yi haƙuri in na yi tuntuɓe wajen karanta muku shi. Amma abin da Ubangiji ya yi mini a ranin da ya wuce, in na rufe baki a kansa na ci amana.

Wani giya Allah ya raba shi da ita, wani ciwo ya ɗauke masa. Ni hassada ce. Kada ku ce ƙaramin ciwo ne! Saura kaɗan ta ci ran mutum, ba ma raina ba, ran wani.

Ga yadda aikinmu yake, don wanda bai taɓa leƙa rijiya sabuwa ba. Kun san ƙasarmu ta Dakoro, ruwa ba ya kusa. Sai a yi ta sauka gaba bayan gaba, har bakin rijiya ya koma maka kamar faifai. Mu uku ke aikin. Ɗaya yana ƙasa da dagi da ƙwarya. Ɗaya yana baki, yana karɓar wasaki, wato babban gugan fatar da ake fid da ƙasa da shi. Na uku yana can nesa yana jan raƙumin da ke jan igiya. Na ƙasa da na baki kuwa musanya suke yi, yau kai, gobe ni.

To akwai wani mugun numfashi da ke kwanciya a gindin rijiya mai zurfi, musamman da bazara. Ba ya wari, ba a ganinsa. Barci kawai yake kawowa, mai daɗi, irin wanda ba a tashi. Shi ya sa tun kakanni aka kafa doka: na baki ya dinga kiran na ƙasa jifa-jifa, na ƙasa ya amsa. Kuma da sunansa za ka kira shi, don mai gyangyaɗi ba ya jin “kai”, sunan da uwarsa ke kiransa da shi yake ji. In ka kira bai amsa ba, babu shawara, a kora raƙumi a fizgo shi da igiyar da ke ɗaure a ƙirjinsa.

Abokin aikina Isuhu ne, mutumin Ɗan Gulbi, musulmi, magidanci da ƴaƴansa. Ni na koya masa riƙon dagi. Baba yake ce mini. Mai raƙumi kuwa Agali, Buzu ne, mutum ne da magana ke yi wa tsada.

Mun daɗe muna tare lafiya. Abin ya faro daga wata rijiya da muka gama wajen Adjekoria. Ranar da ruwa ya ɓullo Isuhu ne a ƙasa, shi ya yi ihu, shi mata suka yi wa guɗa. Ba a jima ba na ji makiyaya a kasuwa suna cewa, “Mun shayar a rijiyar Isuhu.” Rijiyar wa? Na tsaya kamar an ɗora mini dutsen niƙa a kai. Ni da na zaɓi wurin! Ni da bayana ya gantsare a cikinta!

Na haɗiye. Amma abin da ka haɗiye bai narke ba, yana nan yana tsiro.

Sai ga wani Bafulatani mai garke, Ardo muke ce masa, ya zo har ƙofar gidana yana son a haƙa masa rijiya can arewa, hanyar Tagriss. Ya yi sallama, na fito da fara'ata. Ya dube ni ya ce, “Tsoho, nan ne gidan abokin aikin Isuhu?”

Wayyo! Ƴan'uwa, da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

Daga ranar idona ya lalace. Komai na duba, Isuhu nake gani an fifita. In matan rugar Ardo sun kawo fura, sai in ga curinsa ya fi nawa girma. In sun zuba nono, nasa ya fi kauri. Har raƙumin Agali sai na ga kamar ya fi sauri in Isuhu zai jawo. Ku ji fa, tsoho da jikoki yana kishi a kan raƙumi!

Tun kafin mu tafi aikin Ardo, uwar ƴaƴana ta lura. Ta ce, “Malam, me ke cinka? Tuwo kake ci kamar kana rama faɗa.” Na ce babu komai. Ta kai ƙarata wurin mai bishara. Shi kuma ya zaunar da ni ya ce, “Baba Nomau, in kana da magana da ɗan'uwanka, je ka same shi ku biyu, ka faɗa masa da bakinka.” Na ce to. Na fita ina cewa a raina, in ce masa me? In ce, “Isuhu, na ji haushi don ana sonka”? Ai gara in ci ƙasa.

Maimakon haka sai na yi rantsuwa, ni kaɗai, ba wanda ya sa ni: bakina ba zai ƙara furta sunansa ba, kuma ba zan ƙara yi masa magana ba.

Da muka fara aikin Ardo, sai na mai da Agali ɗan aike. Isuhu na tsaye gabana, zan juya in ce, “Agali, gaya masa ya wasa dagin nan.” “Agali, gaya masa itacen ɗaurin bangon rijiya ya kusa ƙarewa.” Isuhu ya yi ta dubana, ya ce, “Baba, me na yi?” Na ce, “Agali, gaya masa bai yi komai ba.” Agali ya jure, ya jure, ran nan ya gyara rawaninsa ya ce, “Ni raƙumi aka ɗauke ni in ja, ba magana ba.”

Yanzu ga abin dariya, ku yi, na yafe muku.

Rijiya ta yi zurfi, ranar ni ne a ƙasa. Na ji muryar Isuhu daga sama, “Baba Nomau!” Na yi gum. “Baba Nomau!” Na ce a raina, sai dai maƙogwaronka ya tsage. Ban ankara ba sai na ji igiya ta shaƙe ni a ƙirji, ƙafafuna sun bar ƙasa. Haka na yi ta tafiya sama ina juyi kamar kaza a hannun mahauci, dagi a hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da wando. Na fito daidai lokacin da matan ruga suka iso da ƙoren nono. Isuhu ya rungume ni yana haki, “Baba! Baba, kana numfashi?” Na kakkaɓe jikina na ce, “Agali, gaya masa lafiyata lau.”

Matan nan har zama suka yi a ƙasa don dariya.

Da abin ya maimaitu na ga haƙarƙarina ba zai ɗauka ba, sai na samo dabara. In ya kira, sai in yi tari. Isuhu ya ce, “To Baba, tari ma amsa ce.”

Wannan shi ne na dariya. Ga wanda ba na dariya ba.

In ni ne a baki, ba na kira. Sam! Wasaki ya zo in juye, in mayar, bakina a rufe. Na san doka, ni na koya masa ita. Amma Shaiɗan ya ce mini, ai gwani ne, mai rijiya sukutum da sunansa, me zai yi da kiran tsoho?

Sai Isuhu ya ɗauki wata al'ada. Ba wanda ya kira shi, amma jifa-jifa sai in ji murya ta taso daga ƙasa: “Ina nan, Baba!” A jima kuma: “Ina nan, Baba!” Abin ya riƙa ƙona mini rai. Na ɗauka ba'a yake mini.

Kuma duk wannan, kowace safiya ina durƙusawa in yi addu'a! Sai dai in na iso wurin da Addu'ar Ubangiji ke maganar yafe wa juna, nan ma tari ke kama ni.

Ranar da abin ya faru, bazara ta kai maƙura, rana tana tsaka, ko tsuntsu ba ya motsi. Da safe wani baƙo ya biyo, na ji Ardo yana nuna masa aikin yana cewa, “Isuhu ke haƙa mini.” Na zauna a bakin rijiya ƙarƙashin tabarmar da muka kafa, ina ta tauna maganar nan kamar akuya da tsumma. Can na ji Isuhu ya ce, “Baba, na kwance igiya, zan gyara itacen bango!” Doka ce, in na ƙasa ya kwance igiyar ƙirjinsa sai ya faɗa, na baki kuma ya ninka kira har sai ya mayar. Na ji shi sarai. Na kau da kai.

Na ci gaba da lissafin laifofinsa. Can sai na ji wani irin daɗi ya sauko mini, wata irin natsuwa. Na ce, kai, yau wurin nan da daɗin zama. Ƴan'uwa, kun san mene ne daɗin? Shiru ne. “Ina nan, Baba” ta daina fitowa, ni kuwa ina jin daɗi ban ma san dalili ba!

Agali ne ya ɗaga murya daga inda yake da raƙumi: “Nomau, wasaki ya daɗe bai motsa ba.”

Na zabura. Na leƙa, duhu. Na ce, “Kai! Na ƙasa!” Shiru. Na yi wa Agali hannu ya kora raƙumi. Igiyar ƙirjin ta taho sakayau, ba nauyi, bakinta yana lilo, ashe bai mayar da ita ba.

Na so in faɗa ciki da kaina. Agali ya sheƙo ya riƙe ni ya ce, “In ka sauka, gawa biyu zan jawo.” Gaskiyarsa. Numfashin da ya kwantar da mai ƙarfi, tsoho zai bari? Hanya ɗaya ta rage: a mayar masa da igiya, a tashe shi, ya ɗaura da hannunsa.

Na zura igiya. Na buɗe baki in kira shi. Wallahi, ku gafarce ni, na ce wallahi a majami'a, sunan ya ƙi fitowa! Rantsuwar banzar nan ta tsaya mini a wuya kamar ƙashin kifi. Mutum yana mutuwa a ƙarƙashina, girman kaina yana kokawa da harshena!

Nan na faɗi bisa gwiwoyina a kan ƙasar da muka fid da. Ban iya doguwar addu'a ba ko da can. Na ce, “Yesu! Ni na kulle bakin nan, na jefar da mabuɗin. Ka fasa shi! Kada ka bar mutumin nan ya mutu saboda wautata. In rai kake so, ga tsohon nan!”

Haleluya! Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kamar an zare mini ƙaya daga maƙogwaro. Na kifa kaina cikin rijiya na kwarara: “Isuhu! Isuhu! Isuhu na Ɗan Gulbi!”

Shiru. Na ƙara. Na ƙara. Matan ruga suka taho da gudu, Agali ya sa su ɗaura rassan ganye a igiyar wasaki suna zurawa suna jawowa don iska ta motsa a ciki.

Can, can ƙasa, kamar kukan ɗan akuya sabon haihuwa: “Na'am.”

Na ce, “Igiya na bisa kanka! Kama ta!” Ya ce, “Baba, bari in ɗan huta.” Na san hutun nan. In ya koma, ya tafi ke nan. Dole in riƙe shi da magana har ya gama ɗauri. To me zan ce? Na laluba cikina, ban sami komai ba sai kayan da na daɗe ina tarawa. Sai na kwance buhun.

“Ka huta? Ɗan banza, ka ƙwace mini rijiyar Adjekoria sannan ka huta? Wa ya zaɓi wurin? Amsa mini!”

“Kai ne, Baba.”

“Zagaya igiyar ta ƙarƙashin hammata! Wa ya koya maka riƙon dagi?”

“Kai ne.”

“To don me Ardo zai zo ƙofar gidana ya ce mini abokin aikin Isuhu? Ni ne abokin aikin? Ɗaya hammatar! Don me curin furarka ya fi nawa?”

Sai na ji ya ce, a hankali, “Baba, furar ma?”

“Har furar! Har nonon! Har raƙumin! Ƙulla! Ƙulli biyu, yadda na nuna maka, ba irin na malalata ba!”

Kun san rijiya, in ka yi magana a bakinta sai ta ƙara mata ƙarfi. Duk rugar Ardo ba wanda bai ji ba. Asirin da na ɓoye wa matata da mai bishara, na yi shelarsa ga shanu da mata da baƙo. Hawaye na zuba, majina na zuba, ina zagi ina roƙon Allah a numfashi ɗaya.

Sai igiya ta girgiza. Agali ya kora raƙumi, wannan karon da nauyi.

Ya fito jikinsa sharaf, leɓɓansa sun yi fari. Muka shimfiɗe shi a inuwa, aka yayyafa masa ruwa, aka yi ta fifita. Ya yi amai, ya buɗe ido. Ubangiji mai jinƙai ne! Ya buɗe ido!

Da la'asar, da ya sami ƙarfin zama, Ardo ya tara mu a gindin wata bishiyar ƙaya. Ya ce, “Ni rijiya na biɗa, ban biɗi kabari ba. Tsoho, mun ji naka, har shanuna sun ji. Isuhu, kai fa?”

Na zaci zai ce ba shi da komai. Ashe shi ma da nasa buhun! Ya ce, “Baba, tun da nake tare da kai ba ka taɓa ce mini sannu da aiki ba. Gemuna ya fara fari, amma gaban mutane ɗan koyo kake ce mini. Da aka ce rijiyar Isuhu, na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na san ba daidai ba ne, na kuma yi shiru ban gyara musu ba, don abin da ban samu a bakinka ba na samu a nasu.”

Kunya ta rufe ni. Ina can ina ƙidaya abin da aka ba shi, ban taɓa duba abin da na hana shi ba.

Na ce, “Isuhu, ka yafe mini.” Da bakina, ba ta hannun Agali ba. Ya ce, “Na yafe, Baba. Ni ma ka yafe mini.” Ardo ya ce shi ma a yafe masa tambayar ƙofar gida, bai san da wuta a cikinta ba. Agali ya ce, “To ni wa zai biya ni aikin aike?”

A wurin muka ƙara doka a kan ta kakanni. Kowace safiya, kafin a ɗaura wa mutum igiya, sai mu tsaya mu uku a bakin rijiya, kowa ya zubar da abin da ke cikinsa, komai ƙanƙantarsa. Ba mai sauka da ƙulli a zuciya, ba mai zama a baki da shi. Wata rana maganar ba ta wuce, “Jiya ka yi minshari.” Wata rana kuwa da nauyi, sai an zauna. Amma a sama ake gama ta.

Rijiyar ta ba da ruwa, mai daɗi kuwa. Kuna so ku san sunan wa ta ci? Ba nawa ba, ba na Isuhu ba. Matan ruga suka sa mata Gaya-masa, kuma haka makiyaya ke kiranta har yau. Duk wanda ya tambayi dalili, sai a ba shi labarin tsoho da wando a hannu. Ga ladan hassadata ke nan, na samu suna har arewa!

Ba zan yi muku ƙarya ba, ƴan'uwa. Har yanzu in an yabi Isuhu a kasuwa, wani abu yakan ɗan motsa mini a ƙarƙashin haƙarƙari. Amma yanzu na san muryarsa. Sai in ce, “Yesu, ga ɓarawon nan ya dawo,” gari na wayewa kuma in faɗa wa Isuhu a bakin rijiya, mu yi dariya, ya wuce.

Godiya ta tabbata ga Ubangiji wanda ya ji addu'ar wawa, ya fasa bakin da na kulle, ya mayar wa ƴaƴan Isuhu ubansu, bai bar jini a hannuna ba. Ku dogara gare shi! In akwai wanda kuke aiki tare, a gona ko a kasuwa ko a maƙera, kun daina kiran sunansa, kada ku jira sai igiya ta taho sakayau. Ku roƙi Yesu ya buɗe muku baki yau, zai buɗe. Wanda ya buɗe nawa, na wa zai gagare shi? Amin.

Abu ɗaya ya rage. Da muka gama aikin muna hanyar dawowa Dakoro, Agali na gaba da raƙumi, na tambayi Isuhu don me yake ta cewa “Ina nan, Baba” alhali ba wanda ya kira shi. Ya ce ba ba'a ba ce, yana yi ne don in ya ji bakinsa ya yi nauyi ya san barcin ya zo. Muka ci gaba da tafiya. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

“Baba, da ban daina amsawa ba, yaushe za ka kira ni?”